Saƙo ɗaya tak, shafi ya sandare: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan watan sun haɗu a mararraba ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba: shafin intanet yana aiki lafiya lau, sai kawai ya sandare, ba wuta aka ɗauke ba, ba data ce ta ƙare ba. Biyar na zaɓo. Masu tambaya a kan batirin sola da wayar da ta faɗa ruwa su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, aji biyu. Malaminmu ya ce mutum ɗaya yana iya tsayar da shafin intanet da saƙo guda. Ni a sanina sai an tara dubban kwamfutoci sun yi wa shafin rubdugu. Gaskiya ne, ko dai don ya tsorata mu ya faɗa? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminku bai yi ƙari ba, kuma abin da ka sani shi ma gaskiya ne. Rubdugun da kake nufi shi ne irin wanda aka yi wa kamfanin Dyn a watan Oktoban 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet na gidajen mutane, ta tura su gaba ɗaya kan kamfanin, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a da yawa a Amurka. Wancan aikin ƙarfi ne. Na malaminku kuwa aikin wayo ne.

Ka ɗauki mai shayin bakin ƙofar makarantarku. Idan mutum 200 suka dira kansa lokaci guda, kai mai son kofi ɗaya ba za ka samu ba. To a ce mutum ɗaya ne ya zo, ya ce a haɗa masa shayi, amma kafin a zuba sukari a ƙirga masa ƙwayoyin da ke cikin cokalin ɗaya bayan ɗaya. Furta maganar bai ci masa daƙiƙa biyar ba, cika ta kuwa sai a kai azahar. Mai shayi mutum ne, zai kalle shi ya ce Allah ya sauwaƙe, ya juya ga na gaba. Uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, wadda mu masu sana'ar muke ce wa saba, ba ta da wannan hankalin. In ba a gaya mata inda za ta tsaya ba, sunkuyawa za ta yi ta fara ƙirga, ku kuma ku yi ta zaman benci.

Wurin da raunin ke ɓuya shi ne abin lura. Yau da wuya ka sami mai gina shafi tun daga tushe. Akwai ƙwarangwal da aka riga aka haɗa, firemwok muke ce masa: Django, Laravel, Rails, Express, Spring da sauransu. Kai naka shi ne ɗora ɗakuna. Duk saƙon da ya iso, firemwok ne yake fara yage ambulan, ya karanta kanun saƙon, ya warware fom, ya jera abin da ke ciki, sannan ya miƙa wa abin da kai ka rubuta. Galibi duk wannan yana faruwa kafin a kai ga tambayar “wane ne kai, ina kalmar sirrinka?” Ke nan maharin ko rajista ba ya buƙata. Kuma tunda dubban shafuka ƙwarangwal ɗaya suka ɗauko, rami ɗaya duka ya shafe su.

Misalin da na fi son ba ɗalibai ya faru ne ranar 28 ga Disambar 2011, a taron masana tsaron kwamfuta da ake yi duk ƙarshen shekara a Jamus, wanda a waccan shekarar aka yi a Balin. Mutum biyu, Alexander Klink da Julian Wälde, suka nuna wa mahalarta cewa da fom guda ana iya shagaltar da shafukan da aka gina da harsunan rubuta manhaja irin su PHP, Java, Python da Ruby, da kuma ASP.NET na Microsoft.

Ga yadda abin yake. Tela ne, saura mako biyu Sallah, ɗinki ya yi masa yawa. Sai ya kafa kanta mai gurbi-gurbi. Duk ƙunshin da aka kawo, ya ɗan yi wani lissafi da haruffan sunan mai kayan, lissafin ya nuna masa gurbin da zai saka. Ranar karɓa ya sake lissafin, hannunsa ya tafi kai tsaye. Haka harsunan nan suke ajiye abin da aka cike a fom, kuma abin yana da sauri ƙwarai muddin kayan sun warwatsu a gurabe daban-daban. To idan wani mugu ya gano lissafin telan fa? Sai ya ƙago sunaye barkatai waɗanda duk gurbi ɗaya lissafinsu yake nunawa. Shi kuwa tela, kafin ya ajiye kowane ƙunshi, dole ya duba na cikin gurbin ko akwai mai irin sunan. Na biyu ya gwada shi da ɗaya, na uku da biyu, na dubu da 999. Ɗauki biro ka yi lissafin: sunaye 1,000 gwaji kusan 500,000 ne, sunaye 100,000 kuwa gwaji kusan biliyan 5. An ninka kaya sau ɗari, aiki ya ninku sau dubu goma.

Abin haushin, ba sabon labari ba ne. Tun 2003 Scott Crosby da Dan Wallach na Jami'ar Rice a Amurka suka bayyana shi a takardar bincike. Masu harshen Perl suka ji suka gyara a shekarar. Mafi yawan sauran suka yi kunnen uwar shegu har shekara takwas, sai da aka nuna a bainar jama'a. Microsoft ta fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ramin, washegari, 29 ga wata, ba ta jira ranar da ta saba fitarwa ba. PHP ta sa iyaka a Janairun 2012, gurbin cikewa 1,000 a fom guda, abin da ya haura a watsar. A nan ma garin neman gira aka kusa rasa ido, domin facin PHP na farko ya zo da ramin da ya fi na da muni, irin wanda zai ba mahari damar juya sabar yadda ya so, sai da aka sake wani facin bayan kimanin mako uku. Maganin da ya fi tsayawa shi ne tela ya riƙa cusa wani sirri a lissafinsa, yana canza shi duk sanda ya buɗe shago. Python ta mai da wannan al'ada daga fitowa ta 3.3, daga 3.4 kuma ta koma wani lissafi mai suna SipHash da aka ƙirƙiro a 2012 saboda irin wannan hari. Ka kai wa malaminku wannan, ka ce ya sa ku auna shi a aji.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da turaren wuta, kuma wani yaro ya yi mini shafi da WordPress shekara uku da suka wuce. Watan jiya shafin ya yi kwana biyu ba ya buɗewa. Ya ce hari aka kai, wai sai na riƙa biyan sa duk shekara yana sabuntawa. Bayanan kwastomomina an sace ke nan? Kuma ba cuta ta yake son yi ba? Daga wata 'yar kasuwa, Kano.

Amsa: Hajiya, barka da kasuwa, Allah ya ƙara buɗi. Tambaya biyu kika yi, bari in raba su.

Irin harin da muke magana a kai kamar a faka tirela ne a ƙofar shagonki. Ba a ɗauki ko falle ɗaya ba, amma mai saye ba zai iya shiga ba. Saboda haka tsayawar shafi kaɗai ba hujja ba ce cewa an kwashi bayanai. Sai dai shafin da ya shekara uku ba a taɓa shi ba, ramukansa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsayarwa, akwai na sata. Ki sa a duba, kada ki tsaya a kan zato.

WordPress kanta, manhajar haɗa shafuka da aka yi miki naki da ita, ta taɓa samun irin wannan rami. A watan Agustan 2014 ita da takwararta Drupal suka fitar da faci lokaci guda, na WordPress shi ne 3.9.2, saboda wata ƙofa mai suna xmlrpc.php da ke karɓar takardu daga waje. Dabarar tsohuwa ce, kuma babbar yayarta ana ce mata dariya biliyan. Ana rubuta takarda a ce: duk inda ka ga “na ɗaya”, kalmar lol ake nufi, kalmar dariyar masu hira a intanet. Duk inda ka ga “na biyu”, na ɗaya sau goma ake nufi. “Na uku”, na biyu sau goma. Haka har layi na goma. Takardar ba ta kai kilobait ɗaya ba, amma in kwamfuta ta zauna warware ta, sai ta rubuta kalmar sau biliyan ɗaya, wajen gigabait 3 ke nan, ƙwaƙwalwarta ta cika ta faɗi. Wadda ta sami WordPress ƙanwar wannan ce: dogon rubutu guda, a yi ta kiran sa sau dubbai. Wancan ramin an toshe shi tun tuni, amma fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ɗorawa don kwandon saye da karɓar kuɗi kowanne da nasa, kuma ana gano sababbi kullum.

Batun kuɗi kuwa, yaron yana da gaskiya a kan asalin maganar. Shafi kamar janareta ne, wanda bai canza masa mai ba zai gani. Amma zan faɗa miki sirrin sana'armu, 'yan'uwana su yafe mini: “an kai hari” ita ce amsar da ta fi sauƙin fita daga bakinmu, har ranar da kuɗin hayar saba ne ya ƙare aka manta ba a biya ba. Ki ce ya zauna kusa da ke ya buɗe miki littafin shige da fice na sabar, wanda muke ce wa log, ya nuna miki abin da ya faru a kwana biyun nan. Ba sai kin iya karantawa ba. Wanda ya ga hari da gaske zai iya ɗora yatsa a kan layi. Ya kuma gaya miki fulogin nawa ne a shafin, wanne ne ba a amfani da shi, a cire. Ki tambaye shi ranar da ya ajiye kwafin shafin na ƙarshe da inda kwafin yake. Abu mafi muhimmanci, sunan shafin da hayar sabar su kasance da imel ɗinki aka yi rajistarsu, ba nasa ba. In ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ki biya shi da zuciya ɗaya.

Tambaya: Yallaɓai, ina haɗa manhajoji da Node.js da Express. Akwai wadda na yi wa wata ƙungiya, masu shiga ba su fi 50 a rana ba, amma lokaci-lokaci furosesa, wato injin lissafin sabar, sai ta haye 100 bisa 100, komai ya tsaya. In na kashe na kunna sai ta dawo. Na duba log ban ga komai ba. Daga abokin sana'a, Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka sai da na yi dariya, ba don kai ba, don kaina. Bari in ba ka labarin abin kunyata.

Shekarun baya na haɗa wa wata makaranta mai zaman kanta fom ɗin rajistar sababbin ɗalibai, da Express, kamar kai. A gurbin suna da na adireshi na so in hana mutane zuba shirme, sai cikin dare na kwafo wata ƙa'idar tantance rubutu daga intanet, irin wadda muke ce wa rejeks. Ga ta nan, har yau ban manta ta ba:

^([a-zA-Z]+\s?)*$

Ma'anarta: harafi ɗaya ko fiye, wataƙila da tazara a bayansu, a yi ta maimaita haka har ƙarshen layi. Na gwada da “Tudun Wada”, ta wuce. Na gwada da lambobi zalla, ta ƙi. Na rufe kwamfuta na kwanta ina jin ni gwani ne.

Rana ta biyu da buɗe rajista, ina karyawa, shugaban makarantar ya kira: “Malam, abin naka fa ya mutu, iyaye sun cika ofis.” Na kashe na kunna, ya dawo. Kafin in gama shayina ya sake sandarewa. Har na fara raya wa raina cewa wata makarantar ce take mana zagon ƙasa, na ma furta hakan a waya, Allah ya yafe mini. Log ɗina, kamar naka, fes yake. Sai da yamma na gane dalili: manhajar da ke rubuta log sai an gama amsa saƙo take rubutawa, saƙon da ya kashe ni kuwa ba a taɓa gama amsa shi ba. Na sa a riƙa rubuta kowane saƙo da zarar ya shigo. Da aka sake sandarewa, ga layin ƙarshe, wani uba ne a shagon intanet yake cike wa 'yarsa fom:

Bayan gidan mai unguwa kusa da masallacin Juma'a

Adireshi ne na gaskiya, irin wanda ni ma zan rubuta, tunda a unguwanninmu da kwatance ake gane gida. Ɗan ɗigon nan na saman Juma'a shi ne ya kayar da ni. Ƙa'idata ba ta san shi ba. Da ta iso kansa ta ga bai dace ba, maimakon ta ce ta ƙi, sai ta koma baya ta ce wataƙila ita ce ta yanka kalmomin ba daidai ba. Bari ta gwada “Jum” da “a” daban. Bai yi ba. “Ju” da “ma”. Bai yi ba. Ta gama da wannan kalmar, ta koma kan “masallacin” ta yanka ta wata hanya, ta sake gwada duk yankan “Juma” daga farko. Kowace kalma ana iya yanka ta a tsakanin kowane harafi biyu, ko a bar ta. Kafin ɗigon akwai harafi 39 a kalma 8, wuraren yanka 31 ke nan, kuma kowane ɗaya ninka aikin yake. Biyu sau biyu har sau 31 ya haura biliyan 2. Duk sai ta gwada su kafin ta yarda cewa adireshin bai dace ba. Bawan Allah kuwa da ya ga shiru, sai ya yi ta danna maɓallin turawa, kowace dannawa sabon biliyan 2. Kuma ka san Node, injin da Express ke gudana a kai, hannu ɗaya gare ta: tana kan wannan, kowa sai ya jira.

Ba maƙiyi, ba mahassadi. Hausa ce kawai ta shiga ƙa'idar da aka rubuta don Turanci. Da ƙ ko ɗ ko ɓ ne a ƙarshen dogon layi, haka za a yi. Daga baya ma na gano iyaye masu 'ya'ya irin su Sa'adatu da Mu'azu tun ranar farko suke cire ɗigon sunan don fom ya karɓa, ba wanda ya kawo ƙara.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne manya ma sun sha wannan. Ranar 20 ga Yulin 2016 Stack Overflow, inda dukanmu muke zuwa kwafe-kwafe, ya yi minti 34 a ƙasa. Wani rubutu ne mai tazara kusan 20,000 a jere ya hau shafin farko, rejeks ɗin da ke share tazarar ƙarshen layi ta yi gwaji kusan miliyan 200 a duk buɗewa. Na'urar da ke raba wa sabobinsu aiki kuma shafin farkon take dubawa don ta san wadda ke da lafiya, sai ta ga duk ba su amsawa, ta janye su. Ranar 2 ga Yulin 2019 Cloudflare, kamfanin da sana'arsa ita ce kare shafukan mutane daga hari, ya saki sabuwar ƙa'idar tsaro mai irin wannan rejeks, furosesoshinsa a faɗin duniya suka cika, shafukan da ke bayansa suka yi minti 27 ba sa buɗewa. Shi ma ba hari ba ne, hannunsu ne.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Fara da log ɗin shigowa, ka kama saƙon. Sannan ka bi duk rejeks ɗinka, ka nemi inda maimaici ya hau kan maimaici, wato alamar tarawa ko tauraro a cikin baka, wata kuma a wajenta. Ka auna tsawon rubutu kafin ka miƙa wa rejeks, ko da yake ka ga nawa harafi 39 ne kacal, don haka awon tsawo kaɗai ba ya isa. Inda dole ka tantance rubutun baƙi da ƙa'ida mai sarƙaƙiya, ka ɗauko RE2, manhajar rejeks da Google ta fitar a 2010. Ita ba ta komawa baya, aikinta daidai tsawon rubutu yake. Kada ka dogara da setTimeout, umarnin sa wa'adin lokaci, ya cece ka, don shi ma layi yake bi a bayan hannun da ya maƙale. Express tana iyakance saƙon JSON, wato tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi, a kilobait 100. Na san da yawanmu muna ɗaga shi zuwa megabait 50 ranar da hoto ya ƙi shiga, mu manta. Mayar da shi, hoto a yi masa tasa ƙofar. Ka riƙa buga npm audit, umarnin da ke duba ramukan kayan da ka ɗauko daga waje, domin sau da yawa rejeks ɗin ba taka ba ce, tana cikin kayan da ka jawo. In kuma wata rana ka ga manhajar ba sandarewa take ba, mutuwa take gaba ɗaya, ka tuna tun daga Node 15 kuskuren da ba a tare ba a aikin jira yana kashe ta nan take, kuma gurguntaccen saƙo guda ya isa ya jawo shi.

Adireshi kuwa, ka bar mutane su rubuta abinsu. Ni yanzu tsawo kawai nake aunawa.

Tambaya: Malam, me ya sa shafukan neman aiki suke matsa wa mutum? Hoto kada ya wuce kaza, kalmar sirri kada ta wuce kaza. Na wuni a shagon intanet ina rage hoton fasfo. Daga mai neman aiki, Gusau.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a dace. Wani ɓangaren tsimin wurin ajiya ne, wani kuma tsoron abin da muke tattaunawa ne.

Kalmar sirri ba a ajiye ta yadda ka rubuta. Niƙa ta ake yi, a sake niƙawa, sau dubbai, da gangan, don ɓarawon da ya sace rumbun ya sha wahala. A watan Satumbar 2013 masu Django suka fitar da faci na gaggawa, domin an nuna cewa in aka turo kalmar sirri mai girman megabait ɗaya, niƙa ta yana cin wajen minti guda na aikin saba, kuma kowa yana iya turowa daga shafin shiga. Suka sa iyakar bait 4,096. Ka lura da adadin. Shafin da ya ce kalmarka kada ta wuce harafi 8 ko 10 ba shi da wannan uzurin, rashin iya aiki ne kawai.

Hoto kuma a matse yake tafiya, sai ya isa ake buɗe shi. Hoto mai launi ɗaya fal yana matsuwa ya zama ɗan mitsitsi, amma in faɗinsa ɗigo 30,000 ne tsawonsa 30,000, buɗe shi yana neman wajen gigabait 2.7. Shi ya sa Pillow, manhajar da masu Python suke sarrafa hoto da ita, take yin gargaɗi in hoto ya haura ɗigo miliyan 89. Akwai wani shahararren ƙunshi mai suna 42.zip, kilobait 42 ne, in aka warware shi har ƙarshe ya kai fetabait 4.5, wato gigabait miliyan huɗu da rabi.

Har lamba ba a bari ba. A farkon 2011 aka gano cewa lambar 2.2250738585072011e-308 tana jefa PHP cikin zagayen da ba ya ƙarewa a wasu kwamfutoci, bayan 'yan makonni aka ga 'yar'uwarta mai ƙarewa da 12e-308 tana yi wa Java haka. Ba sai an sami fom ba ma. A wasu sabobin Java ana iya cusa ta a kan saƙo, a wurin da burauza ke faɗin harshen da mai karatu ya fi so. Python kuma tun 2022 ba ta yarda ta mai da rubutun da ya wuce alƙaluma 4,300 lamba sai an ba ta izini.

Duk da haka ina tare da kai a kan hoton fasfo. Mai shafin yana iya karɓar hoton waya na megabait 3 ko 4 ya rage shi da kansa, aikin layi kaɗan ne. Ɗora wa mai neman aiki wannan wahala lalaci ne. Kafin su gyara, tura wa kanka hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, ba takarda ba, ka sauke wanda ya iso. Yakan rage shi sosai, wani lokacin ya wadatar.

Tambaya: Malam, shafin makarantarmu ya ishe mu, kullum sai an cire kuɗi bai nuna ba. Don Allah a turo mini irin saƙon nan in tsayar da shi kwana ɗaya su ji yadda muke ji. Daga ɗalibi, bai faɗi gari ba.

Amsa: A'a, ƙanena, ba zan turo ba. Waɗanda za su ji a jikinsu 'yan ajinku ne masu neman yin rajista kafin a rufe, su kuwa hukumar sai su sami wanda za su ɗora wa laifin duk abin da ya lalace tun bara. Kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta yin katsalandan ga aikin na'urar wani da gangan, akwai tara akwai ɗauri, lambar layinka kuma da sunanka aka yi mata rajista. Kuɗin da aka cire, ku tara rasit ɗinku ku kai ta hannun ƙungiyar ɗalibai, a rubuce.

In kuwa sha'awar ganin abin da idonka ce, kwamfutarka ta ishe ka. Ɗauki rejeks ɗina ta sama, ka ba ta harafin a guda 25 da alamar motsin rai a ƙarshe, ka auna lokaci. Ƙara harafi ɗaya, ka sake aunawa. Ka ci gaba har inda haƙurinka ya ƙare, ka rubuto mini a kan harafi na nawa ka tsaya da irin kwamfutar da ka yi amfani da ita, zan buga a fitowa ta gaba.